Tsakanin Cizo da Hauka: Aikin da Ke Wuyan Gida Kan Cutar Haukan Kare

Cututtuka kaɗan ne likita zai dubi iyayen mara lafiya tun ranar farko da aka kawo shi ya ce musu sai dai addu'a. Haukan kare na cikinsu. Da zarar mutum ya fara firgita da ganin ruwa, maƙogwaronsa na shaƙewa duk lokacin da ya yi yunƙurin haɗiya, to kwanakinsa ƙirgaggu ne, ko a asibitin ƙauye yake ko a babban asibitin Landan. Waɗanda aka tabbatar sun rayu bayan alamu sun fito, a duk faɗin duniya, ba su taka kara sun karya ba, kuma yawancinsu da nakasar ƙwaƙwalwa suka tashi. Duk da haka, wannan cutar ana iya tare ta kusan ɗari bisa ɗari, muddin an yi abin da ya dace tsakanin ranar cizo da ranar da alamu za su bayyana. Tazarar galibi wata biyu zuwa uku ce, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A wannan tazara mara lafiya yana gida, yana wasa, yana kiwo, yana cin tuwo da kowa. Likita bai san da shi ba. Uwa da uba da kaka da maƙwabta su ne ke riƙe da lamarinsa, kuma abin da suka yi ko suka bari shi ne zai yi tasiri fiye da duk wani injin asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ne cutar ke kashewa duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukkansu, har kashi 99 cikin 100, daga kare suka ɗauka. Ƙiyasi ne kawai, domin mai haukan kare a karkara ba kasafai yake cikawa a gadon asibiti ba. A ɗakin mahaifiyarsa yake rasuwa, a ce iskokai ne suka buge shi, ko sanƙarau, ko zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. A yi masa sutura kafin la'asar, babu littafin da aka rubuta sunan cutar a ciki. Hukuma kuwa abin da ta gani a rubuce take ware wa kuɗi.

Ƙwayar cutar bairos ce, kuma a yawun dabbar da ta kamu take. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe, ko kuma yawun ya fantsama cikin ido ko baki. Ba ta bin jini. Takan ɗan zauna a naman wurin da aka ciza, sannan ta kama jijiyoyin da ke kai saƙo, ta riƙa hawa sannu a hankali har ta isa laka da ƙwaƙwalwa. Wanda ya fahimci wannan tafiya ya fahimci sauran maganar. Babu gwajin jinin da zai gaya maka ko ɗanka ya ɗauka kafin alamu su fito. Warkewar rauni ba shaida ba ce, don fata na iya rufewa sumul alhali ƙwayar na can tana tafiya. Kuma gwargwadon kusancin cizon da kai, gwargwadon saurin isarta. Cizon fuska da wuya, da na yatsun hannu inda jijiyoyi suka yi yawa, sun fi na sharaɓa haɗari nesa ba kusa ba. Yaro ɗan shekara biyar kuwa fuskarsa daidai take da bakin kare.

Matsala ta farko a gidajenmu ma ba ta rashin magani ba ce, ta ɓoyewa ce. Mun taso ana gaya mana kare abin ƙyama ne, wanda aka kama yana wasa da shi zai sha bulala. Amma wane yaro ne ba ya son ɗan kwikwiyo? A bayan danga ake ɗaukarsa, a ɗaura masa igiya, a ba shi ƙanzo. In ya ɗan kafa wa yaro haƙori a yatsa, yaron zai tsotse jinin ya sa hannu a aljihu, don ya san abin da ke jiransa in ya faɗa. Haka yarinya mai talla da kare ya yakusa a lungu, haka almajirin da ya shiga bara gidan da ke da kare, wanda shi ba shi ma da uwar da za ta lura da tabo a ƙafarsa lokacin wanka. Bayan wata biyu, in ciwo ya tashi, a tambayi iyaye ko kare ya taɓa cizonsa su rantse babu, kuma gaskiyarsu suke faɗa. A ganina, babu dokar gida da ta fi wannan amfani a kan wannan cuta: duk yaron da kare ko mage ta ciza ko ta yakusa, ya zo ya faɗa nan take, kuma ba za a dake shi ba, ba za a yi masa faɗa ba, ko da shi ne ya tsokano. A faɗa wa yara wannan a gaban kowa, a kuma cika alkawari ranar da abin ya faru, domin in aka daki na farko, na biyu ba zai faɗa ba. Malaman tsangaya da na firamare su ma su kafa wannan doka a wurinsu.

Sai a koya musu zama da kare. Kada a jefe shi, al'adar da ta zama wasa a wurin yaranmu. Kada a matsa kusa da shi yana cin abinci ko yana barci, kada a taɓa 'ya'yan karya mai shayarwa. In kare ya taso, gudu shi ke ƙara zuga shi. Yaro ya tsaya cak, hannuwa a jiki, kada ya ƙura masa ido, har ya wuce. In ya kayar da shi, ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwa.

To an yi cizon, yaro ya shigo yana kuka. Abin da za a fara nema shi ne ruwa da sabulu, kuma a wanke wurin na tsawon minti 15 cikakku. A duba agogo ko waya, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma mai wanki da ka yakan tsaya tun a minti na uku yana ganin ya gama. Buta ɗaya ba za ta kai ko'ina ba. A ɗebo bokiti a randa, a aika wani rijiya ya ƙaro. Mutum ɗaya ya riƙe yaron, ɗaya yana tsiyaya ruwa da moɗa ba yankewa, ɗaya yana cuɗa kumfa a cikin raunin, yana buɗa bakinsa da yatsa don ruwan ya shiga ramin da haƙori ya huda. Mai wankin ya sa safar hannu, in babu ya ɗaura leda, musamman in shi ma yana da yanka a hannu. Yaron zai yi ihu, kaka za ta ce ya isa haka, amma a daure. Ƙwayar tana lulluɓe da wata riga mai maiƙo, sabulu kuma yana farfasa wannan riga kamar yadda yake cire maiƙon miya a kwano. Kowane sabulu zai yi: na salo, na soda, na wanka, har omo. In babu sabulu a kusa, a fara da ruwa zalla kafin a samo. Bayan an gama a shafa aidin ko sifirit in akwai. In yawu ne ya shiga ido, ruwa mai tsabta kaɗai za a yi ta zubawa. Kada a tsotsi raunin da baki, kada a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, kada a naɗe shi tamau, kuma kada a matsa wa malamin asibiti lallai sai ya ɗinke, domin ɗinki na iya ƙara cusa ƙwayar ciki, shi ya sa ake jinkirta shi. In jini na kwarara da ƙarfi, a danne da tsumma mai tsabta a kama hanya.

Abin da aka saba yi a ƙauyuka da yawa dabam ne. Wani zai ce a nemo gashin karen a ƙona a barbaɗa. Wani ya kawo barkono, wani toka, wani baƙin mai ko ruwan batir. Duk waɗannan ƙona nama suke yi, su jawo ruɓa, su kuma cinye lokacin da ya kamata a ce sabulu na aiki. Sannan ga mai maganin cizon kare, wanda ake cewa ya gada tun kaka da kakanni kuma bai taɓa rasa kowa ba. Ya kamata a yi wa wannan magana adalci, domin mutanen da ke zuwa wurinsa ba wawaye ba ne, abin da idonsu ya gani suke bi. Yawancin karnukan da ke cizo ba mahaukata ba ne, tsoro ne ko tsaron gida ko kishin 'ya'ya. Ko wanda mahaukacin ya ciza, ba kowa ne ke kamuwa ba. Binciken da aka yi a Tanzaniya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida ne ke kamuwa in ba a yi masa allura ba. Ke nan ko ruwan randa mai magani ya ba mutane, mafi yawansu za su rayu, su yaɗa sunansa. Wanda ya mutu kuwa bayan wata biyu ko uku yake mutuwa, an riga an manta da cizon, a ce kwana ne ya ƙare. Wace uwa ce za ta yarda a jefa ɗanta cikin wannan ƙuri'a in an bayyana mata ita a fili? Addu'a da tofi da rubutu ba su hana komai ba, a yi su a kan babur ana tafiya asibiti. Abin ƙi shi ne a ce sun wadatar, a zauna.

A asibiti, ma'aikaci zai duba irin taɓawar. Wanda ya shafa kare kawai, ko kare ya lashi lafiyayyar fatarsa, wanki ya ishe shi. Wanda aka ɗan ƙwarzana ko aka yakusa, ko da jini bai fito ba, yana buƙatar allurar rigakafi. Wanda haƙori ya huda fatarsa, ko aka lashi rauninsa, ko yawu ya shiga idonsa ko bakinsa, ko jemage ya cije shi, yana buƙatar allurar tare da wata ta biyu, ta sinadarin garkuwa da ake zubawa a cikin raunin da kewayensa, don ta tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Wannan ta biyun tana da tsada kuma tana wuyar samu a ƙasashenmu. In ba a same ta ba, kada a fasa ta farkon. Wanki mai kyau da cikakkiyar allura a kan lokaci suna ceton mafi rinjayen mutane.

Manya da yawa har yanzu suna tuna allurar da, wadda ake yi a fatar ciki kullum har mako biyu ko fiye, kuma tsoronta na hana su kai yara. An daina ta. Ta yanzu a dantse ake yi, ƙananan yara kuma a cinya, ba a ɗuwawu ba. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 ya haɗa da wanda ake yi a cikin fata, wuri biyu, a ranar farko da bayan kwana 3 da bayan kwana 7, an gama cikin mako ɗaya. Akwai kuma na cikin tsoka, sau huɗu, wanda ke ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Wasu asibitoci na bin tsohon tsari na sau biyar. Ko wanne aka ɗora mutum a kai, a karɓi kati, a kiyaye ranaku, kada a tsaya a ta farko don an ga rauni ya bushe. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu, babu wani dalilin hanawa. Sannan a kula da wani kuskure da ke kashe mutane shiru: a kai yaro kemis, a yi masa allurar sarƙewar haƙora, a ba shi kafso, iyaye su koma gida da natsuwa cewa an yi allura. Waccan tana da amfaninta, amma ba ta taɓa ƙwayar haukan kare ko kaɗan. A tambaya da baki: wannan ita ce ta cizon mahaukacin kare? A kuma nemi a ga daga firji ko kular ƙanƙara aka fito da ita, domin wadda ta kwana a kanta cikin zafin bazara ba abin dogaro ba ce.

Maganar kuɗi ita ce ƙashin bayan matsalar, kuma ba na ganin daidai ne a riƙa zargin talaka da sakaci ba a ambace ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018, a matsakaici cikakken magani ya ci kusan dalar Amurka 108. Ga manomin da ke jiran kaka, wannan kuɗin tumaki ne, ga kuɗin mota zuwa gari sau uku ko huɗu, ga ranakun aikin gona da za a rasa. Allurar cikin fata tana rage yawan maganin da ake buƙata da kashi 60 zuwa 80 cikin 100, don haka ya dace asibitocinmu su koma kanta, su kuma horar da ma'aikata. A watan Yunin 2024 ƙawancen rigakafi na Gavi ya sanar da cewa zai fara tallafa wa ƙasashe marasa ƙarfi da wannan allura, abin da ya rage shi ne gwamnatoci su nema su kuma kai ta kusa da ƙauye. Kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai unguwa ko dagaci ya san tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar, ya riƙe lambar wayar wani ma'aikaci a can, don kada a yi ta yawo da yaro daga wannan asibiti zuwa wancan. Ƙungiyar matasa ko adashin mata na iya ware wani abu don ranta wa wanda abin ya faɗa wa da dare. Tun 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur ya sa aka yi wa yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wannan rigakafi a Faransa ya rayu. Abin kunya ne a ce bayan shekaru sama da 130 yaro na mutuwa a ƙauyenmu don kuɗin mota.

Shi kuma karen da ya yi cizon fa? Abin da aka saba shi ne ihu, samari su fito da sanduna da gorori a bi shi har a farfasa masa kai. A wannan bi ne ake ƙara samun waɗanda ya ciza. In kare ne sananne mai gida, kuma ana iya killace shi ba tare da haɗari ba, a rufe shi a wani ɗaki ko keji, a riƙa tura masa abinci da ruwa daga nesa har kwana 10. Dalili shi ne karen da ƙwayar ta riga ta isa yawunsa ba ya wuce wannan wa'adi bai nuna alamu ko ya mutu ba. In ya cika kwana 10 garau, yawunsa ba shi da cutar a ranar da ya yi cizon, kuma likita na iya dakatar da sauran allurai. Amma fa ba a jira kwana 10 kafin a fara, a fara allura ranar, ana lura da karen a gefe. In baƙon kare ne ya ɓace, ko ya mutu, ko an kashe shi, a ɗauka mahaukaci ne. In dole ta sa a kashe shi, kada a fasa kai, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa, a Najeriya a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, da wasu asibitocin koyarwa na dabbobi. A sanar da malamin dabbobi, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a binne ta da zurfi yadda wasu karnuka ba za su tono ba. Sannan a bi gida gida ana tambaya wa kuma ya ciza, domin mahaukacin kare ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya.

Mutane na tsammanin mahaukacin kare kullum shi ne mai gudu, ja da ido, yana cizon icce da dutse. Akwai shi. Amma akwai kuma mai shiru, wanda zai lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ƙafafun baya na ja, haushinsa ya dishe. Mai shi zai ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu bakinsa don ya ciro. Kare mai faɗa na iya yin laushi, mai kunya ya zama mai shisshigi. Kuma kada wani ya ce ai na ga ya sha ruwa, don haka lafiyarsa lau. Tsoron ruwa alamar mutum ce, kare mai cutar na iya tunkarar ruwa.

Haka abin yake a garke. Saniya da jaki da raƙumi da akuya duk suna kamuwa in mahaukacin kare ko dila ya cije su. Saniya za ta riƙa kuka ba ƙaƙƙautawa da wata irin murya, tana zubar da yawu, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, ta kasa haɗiya. Makiyayi zai naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa cikin maƙogwaronta yana neman leda ko ƙwallon mangwaro, hannun da ƙaya ta riga ta tsattsaga. In ta ƙi tashi, sai a ce a yi maza a sa wuƙa kafin ta zama mushe. Na san asarar saniya ba ƙaramar magana ba ce a ruga, amma mai yanka da mai fiɗa da mai fasa kai don ciro ƙwaƙwalwa su ne ke cikin haɗari. Dabbar da aka san kare mai alamun hauka ya cije ta, sannan ta canza hali, a ware ta, a kira malamin dabbobi, kada a yanka, kada a kai kasuwa. Madara kuwa tafasawa na kashe ƙwayar. Kaji da zabi da agwagi ba sa ɗaukar wannan cuta.

Duk abin da na lissafa zuwa nan tare gobara ne bayan ta tashi. Tushen maganin yana jikin karen kansa, kuma nan ne muka fi rauni. A ƙauyen Hausa kare na kowa ne kuma ba na kowa ba. Yana gadin gida da dare, yana raka shanu, yana korar birai a gona, amma in aka tambayi mai gida sai ya ce ai na yara ne, ko ya ce shi dai ya gan shi ya zauna. Binciken da aka yi a wurare da dama na Afirka ya nuna mafi yawan karnukan da ake kira na titi suna da gidan da suke komawa. Wannan nesanta kai ita ke sa babu mai ɗaukar nauyin yi masa allura. Addini bai ce a yi haka ba. Hadisan Bukhari da Muslim sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gona, sun kuma kawo labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya ajiye dabba tana yi masa aiki, haƙƙinta da haƙƙin maƙwabtan da za ta iya cutarwa suna wuyansa, kuma zai yi kyau limamai su faɗi haka a huɗuba.

Lissafin masana a nan mai ƙarfafa zuciya ne. A matsakaici, mahaukacin kare ɗaya yana harbin kare ɗaya ne da ɗan ɗori kafin ya mutu, don haka sarƙar ba ta da ƙwari. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka kuma maimaita duk shekara, sai ta tsinke. Dole a maimaita, saboda karnukan ƙauye ba sa daɗewa kuma suna haihuwa da yawa, kafin shekara ta zagayo garin ya cika da sababbi. Ba a Turai kaɗai aka ga haka ba. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013 tare da haɗin gwiwar masana daga Suwizalan, aka yi wa karnuka sama da 18,000 a shekarar farko da sama da 22,000 a ta biyu, aka haura kashi 70. A 2014 birnin ya yi watanni ba a samu mahaukacin kare ba, har sai da cutar ta sake shigowa daga wajen gari. Wani gwaji da aka yi a birnin tun kafin nan ya nuna cewa in aka ce mai kare ya biya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai ake samu. Darasi biyu ke nan ga hukumominmu: allurar kare ta zama kyauta, kuma birni ba zai tsira ba in an bar ƙauyukan da ke kewaye da shi. Mekziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da cutar da ake ɗauka daga kare a matsayin barazana ga jama'a. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne kada kowa ya sake mutuwa da ita daga 2030. Da irin tafiyar da muke yi a karkara, ban ga alamar za mu cim ma wannan shekara ba.

Kisan karnuka na kan mai uwa da wabi, wanda ake yi duk lokacin da aka yi rashi, yana huce haushi amma ba ya kawar da cuta. Ana kashe har da waɗanda aka yi wa allura, masu karnuka su ɓoye nasu ko su kai wani ƙauye da cutar a jikinsu, sababbi kuma su cike gurbi cikin 'yan watanni. Guba kuwa tana kashe ungulu da kaji, tana kuma iya faɗawa hannun yaro. Abin da gida zai yi ya fi wannan sauƙi. A kai kare da mage allura tun suna wata uku, in gangami ya zo a fito da su har da ƙanana, a ajiye takardar shaida. A ciyar da kare a gida da ragowar tuwo don kada yunwa ta kai shi bola da kwata, inda yake haɗuwa da baƙin karnuka. A binne mushe da mahaifar dabbobi. Kada a tsinto ɗan kwikwiyo a hanya ko a karɓo daga wani gari ba a san asalinsa ba.

Mafarauta na da nasu kason. Farautar rani tana tara karnukan garuruwa da yawa wuri guda, su yi faɗa da juna, su yi da dila da yanyawa da tunku, su dawo gida da raunuka. Sarkin farauta in ya ce babu karen da zai shiga daji sai da takardar allura, maganarsa za ta fi ta kowane jami'i tasiri. Akwai kuma fatake masu zagaya ƙauyuka suna sayen karnuka, su loda su a keji zuwa kasuwanni irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato. Likitocin dabbobi a Najeriya sun sha gano alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Mai gidan da ya ga karensa ya canza hali ko ya yi cizo, ya yi sauri ya sayar wa fatake don ya rabu da ƙaya, ya sani cuta ya ɗora a mota ya aika wa 'ya'yan wasu.

In kuma ƙaddara ta riga fata, alamu sun fito a jikin wani, yana da haƙƙin a kula da shi da mutunci. Sau da yawa yana cikin hayyacinsa tsakanin farfaɗowa da tashin ciwon, yana jin abin da ake faɗa, yana gane mahaifiyarsa. Kada a ɗaure shi a turke, kada a tara masa jama'a, kada a tilasta masa shan ruwa ko rubutu. A kai shi asibiti don a ba shi maganin kwantar da jiki da rage azaba, a sa shi ɗaki mai duhu da shiru, ba iska mai kaɗawa. Ba a taɓa tabbatar da cewa mai jinya ya ɗauka daga mara lafiya ta hanyar kula da shi ba, amma a kiyayi yawunsa, masu jinya da masu wanka su sa safar hannu, wanda yawun ya taɓa masa rauni ko ido ya je a yi masa allura.

Mai karatu, in akwai wani a gidanku ko unguwarku da kare ya ciza a watannin baya, karen kuma ya mutu ko ya ɓace ko an kashe shi, kuma ba a yi masa allurar ba, kada ka ce lokaci ya wuce don rauni ya warke. Muddin alamu ba su fito ba ana yin allurar, ko bayan makonni ko watanni. Ka kama hannunsa ku tafi asibiti yau.